Yadda Ƙaramin-Aiki Ya Tsorata Maƙwabta

A wani bene mai hawa uku da gidaje goma sha biyu akwai wani mutum da maƙwabta suka daɗe da manta sunansa na gaskiya. Kowa Ƙaramin-Aiki yake ce masa, domin duk abin da aka ambata a gabansa, daga gyaran famfo har tuƙa jirgin sama, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ai ƙaramin aiki ne." Sana'arsa kuwa a shagon buga takardu take, can bakin titi: ya ɗora takarda, ya danna maɓalli, ya miƙa kwafi. Ba da mugunta nake yi masa dariya ba. Mu masu fara abu da zafi mu yar da shi a rana ta uku muna da yawa, kuma mun san junanmu.

Shaidar halinsa tana cikin ɗan ɗakin da ke kusa da kicin ɗinsu. A nan jitar da ya saya take jingine, tsirkiya biyu sun tsinke. A nan tankin kifi yake, wanda kifayensa ba su yi mako ba. Ga keken motsa jiki da ya koma wurin shanya tawul, ga kwalin littattafan koyon wani yare da ya iya gaisuwa kaɗai a cikinsa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da lissafi, shekara goma sha ɗaya ke nan tana duba takardun ɗalibai a kan gado, da katako a cinya, don ɗakin da ya kamata ta sa tebur yana hannun maigida.

Wata Talata wata mata ta kawo ƙaton littafi shago, ta ce a yi mata kwafin shafi ashirin. Yana ɗorawa yana leƙawa. Ashe dokokin wani wasa ne da ake yi a kan tebur. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke ƙirƙirar wuri da abin da ke cikinsa, yana bayyana wa sauran da baki. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin ya zama shi, ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa dayis, irin na lido amma mai fuska ashirin, lambar da ta fito ta nuna an yi nasara ko an faɗi. Labarin kuma na ban tsoro ne, na tsohon gida da kyandir da fatalwa. Shafi ashirin ɗin nan kaɗai ya gani cikin ɗari huɗu, amma kafin matar ta kai bakin ƙofa ya riga ya zama gwani.

Da ya koma gida ko takalmi bai cire ba.

"Malama, gyara zama. Mijinki zai haɗa wasan da za a shekara ana zancensa a benen nan. Zama goma sha biyu, kowace Asabar. Duk wanda ya shiga, ba zai ƙara zuwa banɗaki shi kaɗai ba."

Ba ta ɗago ba. "A ina za a yi?"

"A ɗakina mana."

"Ɗakin da kifi ya mutu?"

"Kifin nan da ciwonsa aka sayar min, kin fi kowa sani."

Sai ta ajiye jan biro, ta dube shi sosai. "To ka ji sharaɗina, Malam. A zaman farko, in mutum ɗaya tak ya tsorata, tsoro na gaske, ni ce alƙaliya, ɗakin ya zama naka, ba zan ƙara ta da maganarsa ba. In kuwa ba wanda ya tsorata, ranar Lahadi jita da tanki da keke su fita, teburina ya shiga."

"Mutum ɗaya? Haba Malama, kin raina ni. Ai wannan ƙaramin..."

"Na sani," ta ce, ta ɗauki bironta.

Ya yi dariya da ƙarfi. Gaskiyar magana, a cikin ɗakin nan ne kawai yake jin har yanzu zai iya zama wani abu. In ya rufe ƙofa ya zauna tsakanin tarkacen, mawaƙi ne da bai fara ba tukuna, mai kiwon kifi ne da aka cuta. In aka fitar da su, mai danna maɓalli ne kawai, ɗan shekara arba'in da uku, kuma ya san haka.

Mako uku ya ɗiba yana shiri. Da farko ya zauna zai zana taswirar tsohon gidan, sai ya gane bai taɓa shiga gidan da ya fi benensu girma ba. Ya zana benen nasu kawai, ya ƙara masa hasumiya a sama da makabarta a gefe, ya ce ba wanda zai gane. Dayis mai fuska ashirin ya neme shi shago bakwai bai samu ba, ya kai wa Kafinta na hawan ƙasa aikin, ya kwatanta masa da hannu. Sai 'yan wasa. Ya tsaya a matattakala yana tare mutane, yana ce musu wuri huɗu ne kacal kuma masu ciwon zuciya kada su zo. Cikin mutum goma sha tara da ya tare, huɗu suka yarda: Kafinta don ya ga aikin hannunsa, Sista ma'aikaciyar jinya ta hawa na uku don an ce akwai shayi, Mai Wuta mai gyaran lantarki don matarsa ta yi baƙi yana neman wurin fakewa, sai Baba Mai Makulli, tsohon da ke kula da benen shekara talatin, wanda bai iya ce wa kowa a'a ba.

Abin da ya fi ji da shi shi ne wasiƙu. Littafin ya ce a ba 'yan wasa takardun da za su riƙe da hannunsu, kamar tsofaffin wasiƙun matattu. Ya rubuta biyar da sunan uwar gidan da ta mutu shekara ɗari, ya buga su a shago. Da yake mai shagon ba ya wasa da sabuwar takarda, sai ya ɗebo daga kwalin waɗanda suka lalace, masu dishi-dishin rubutu a gefe ɗaya da fari a ɗayan. Ya jiƙa su a shayi don su yi ja, ya shanya a kan keken motsa jiki, sannan ya kunna ashana zai ƙona musu gefe su yi kamar sun tsufa. Biyu suka ƙone ƙurmus, suka tafi da rabin girarsa ta hagu. A kan ɗaya cikin ukun da suka rage ya yi rubutun sirri da ruwan lemon tsami, wanda aka ce in an kara shi da wuta zai bayyana. Wannan shi ne makaminsa na ƙarshe.

Matsalar farko ta ranar Asabar ita ce rana. Sista tana da aiki da yamma, saboda haka ƙarfe biyu aka sa, lokacin da hasken da ke shigowa ta taga zai isa a zare ƙaya daga ƙafa. Ya kwaso bargunan gidan duka ya toshe tagar. Ya kunna kyandir bakwai, fanka ta kashe su. Ya sake kunnawa, ta sake kashewa. Ya kashe fankar. Ya yafa baƙin labule a kafaɗa, ya shafa hodar Malama a fuska har wuya, ya dubi madubi, ya ga lallai in shi ne zai gamu da kansa a lungu sai ya ruga.

Baƙi suka shigo suna laluben kujeru. Malama ta zauna bakin ƙofa, hannu harɗe.

"Maƙwabci, lafiya kuwa?" Sista ta tambaya. "Ƙuraje ne suka fito maka?"

"Daga yanzu ba maƙwabci a nan," ya ce cikin wata murya da ya kwana uku yana gwadawa. "Jagora ne a gabanku. Ga mutanen da za ku zama. Sista, ke ce magajiyar gidan. Kafinta, kai maharbi ne. Mai Wuta, kai masanin tsofaffin littattafai..."

"A'a, mutumina," Kafinta ya katse shi. "Ni ban iya zama kowa ba sai kafinta."

"Ni ma ka bar ni a sana'ata," in ji Mai Wuta. "Littafi kuma? Ni da ko takardar magani sai an karanta min."

Sista ta ce ita ba ta gaji komai a wurin kowa ba, ba kuma za ta fara yau ba. Baba ya ce duk inda aka ajiye shi daidai ne. Ƙaramin-Aiki ya duba agogo, ya ga gardama za ta cinye lokaci, ya ce to kowa ya zama kansa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ƙona gira tsada, amma bai sani ba tukuna.

Ya fara. "Kuna tsaye gaban wani tsohon gida, hadari ya haɗo. Ba wanda ya taɓa ƙofar, sai ta buɗe da kanta, a hankali, tana kuka... ƙiiiii..."

"Ƙarfen ƙofar ne ya bushe," in ji Kafinta. "Ina da mai a jakata. Zan ɗiga masa."

"Ba ka gane ba. Da kanta ta buɗe."

"To katakon da ke riƙe da ita ne ya karkace. Shi ma zan duba. Ba ka ce mu faɗi abin da za mu yi ba?"

Doka doka ce. Ya miƙa masa dayis, ya ce sama da goma nasara, ƙasa da goma faɗuwa. Kafinta ya jefa. Goma sha takwas. Ƙofar fatalwa ta daina kuka.

Ya ci gaba. "Kun shiga zaure. Fitilun bango suna mutuwa suna kamawa, suna mutuwa suna kamawa, ba hannun kowa."

Mai Wuta ya gyara zama, karon farko ya nuna sha'awa. "Duka tare suke yi, ko ɗaya bayan ɗaya?"

"Duka tare. Kamar numfashi."

"Waya ce ta saki a babban layi. Ina mitar gidan?"

"Gidan nan shekararsa ɗari biyu, ba shi da mita!"

"To shi ya sa. Ba ni abin nan in jefa."

Goma sha takwas. Wuta ta tsaya cak, gidan fatalwa ya yi haske har hasumiya.

Zuwa yanzu ɗakin ya zama tanda. Gumi ya fara yanka hanyoyi a cikin hodar, yana gangarowa fari-fari kan labulen. Ya danna wayarsa da ke ɓoye ƙarƙashin tebur don ta saki kukan kyarkeci. Kyarkecin ya yi kuka sau ɗaya mai kyau, sai muryar wata mata ta fito daga wayar da fara'a tana tallan katifa. Kafin ya lalubo inda ake kashewa ta gama faɗin duk girman da suke da shi.

Ya tsallake shafi huɗu ya tafi kai tsaye wurin fatalwar. Ya rage murya har sai da suka matso. "A saman matattakala wata mata tana tsaye cikin farar riga. Fuskarta fari fat. Leɓenta ya bushe. Idanunta sun faɗa. Tana miƙo muku hannu, hannun sanyi ƙalau."

"Tun yaushe take haka?" Sista ta tambaya.

"Me?"

"Tana jin jiri in ta miƙe? Ce mata ta ja fatar idonta ƙasa in gani. Wannan ƙarancin jini ne, ko tantama babu."

"Sista, matar nan ta mutu shekara ɗari da suka wuce!"

"To me ya hana a kawo ta da wuri? Haka kuke yi kullum, sai abu ya lalace ku zo kuna ɗaga wa mutane murya. Ba ni dayis."

Goma sha takwas. Aka kwantar da fatalwa aka sa mata ƙarin ruwa.

Ƙaramin-Aiki ya fizge dayis ɗin ya kai kusa da kyandir. Ya jefa da kansa sau uku. Goma sha takwas, goma sha takwas, goma sha takwas.

"Kafinta! Me ka sassaƙa min?"

"Fuska ashirin ka ce, ƙirga ka gani, sun cika. Ba ka ce su zo daidai da juna ba. Katakon ne ya ƙare min ta gefe ɗaya."

"To daga yanzu an juya doka. Sama da goma faɗuwa ne."

"Ba a canza doka ana tsakiyar jarrabawa," in ji Malama daga bakin ƙofa. Ya juya zai ba ta amsa, sai ya ga ta miƙe, ta zaro awon tela daga aljihu, tana auna bangon da tankin kifi yake jingine. Ko kunya babu. Har ta ce wa Baba ya ɗan riƙe mata bakin awon, Baba kuwa ya riƙe.

Zafi ya sa dole aka buɗe ƙofar gidan, dariyar Kafinta kuma ta riga ta kira jama'a. Mutanen da suka ƙi zuwa da ya gayyace su yanzu sun cika baranda, suna leƙe ta kafaɗar juna. Ya baza taswira a tebur don ya dawo da hankalin 'yan wasa. Mai Wuta ya ƙura mata ido, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Tsaya, tsaya. Matattakala a dama, tankin ruwa a baya, gida huɗu a kowane hawa. Jama'a, wannan ai benenmu ne! Ka mai da wurin da nake ajiye babur makabarta?"

Sista ta ja taswirar. "Ɗakin ajiye gawa kuma kicin ɗina ne? Me na yi maka, maƙwabci?"

"Kama ce kawai," ya ce. "Ku saurara, ga mai gidan nan ya taso. Kuna jin takunsa daga ƙasa. Tsoho ne, yana jan ƙafa ɗaya, tarin makullai suna kaɗawa a ƙugunsa..."

Bai ƙarasa ba ya ji shirun da ɗakin ya yi. Kowa ya juya yana kallon Baba, da makullan da ke ƙugunsa.

"Ɗana," Baba ya ce a hankali, "wace ƙafar yake ja?"

"Ta... ta hagu, Baba."

"To tawa ta dama ce. Ci gaba."

Baranda ta fashe da dariya. Wata mata har da zama a ƙasa. Ƙaramin-Aiki ya ji kunya ta rufe shi tun daga rabin girarsa har tafin ƙafa, kuma a ƙarƙashin kunyar ya ji tsoro, shi kaɗai ne a ɗakin yake jin sa. Malama ta gama bango ɗaya ta koma na biyu. Abu ɗaya ya rage masa a duniya.

Ya zaro wasiƙar, ya miƙa wa Sista da hannu biyu. "A ƙarƙashin matashin matar kin sami wannan. Akwai rubutun da ido ba ya gani. Kara ta da wuta."

Sista ta kara takardar da kyandir. Ruwan lemon tsamin ko ɗigo bai fito ba. Amma hasken ya ratsa takardar, wani rubutu ya bayyana daga baya, layi-layi. Ta juya ta, ta matsar da ita kusa da harshen wutar, ta fara karantawa tana tsayawa.

"Sanarwa ga dukkan mazauna gida na ɗaya zuwa na goma sha biyu. Bayan binciken da injiniyoyi suka yi wa ginin... an tabbatar harsashinsa ya... za a rushe shi." Ta sake farawa, muryarta ta canza. "Ana ba kowa kwana sittin daga ranar wannan takarda ya kwashe kayansa."

Dariyar baranda ta ɗauke. Kafinta ya ajiye kofin shayinsa. Ƙaramin-Aiki ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ya yi mako uku yana mafarki: idanu sun fito, bakuna a buɗe. Daɗi ya cika shi har wuya. Ya waiga ya harari Malama da awonta, ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya saki kukan kyarkeci.

"Ci gaba, Sista, ci gaba!" ya ce cikin muryar jagora.

"Kai, wannan kam ka yi ƙoƙari," in ji Mai Wuta, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Har da hatimi, har da sa hannun mai benen. Wallahi gabana ya faɗi. Yaya ka yi ka kwaikwayi sa hannunsa?"

"Ai na gaya muku tun farko, in na tashi..." Sai maganar ta maƙale. Yana ta laluben inda ya rubuta wannan a cikin kansa, bai samu ba. Shi uwar gida ya rubuta, da mijinta da ya kulle ta a hasumiya. Bai rubuta injiniya ba. Bai san ma yadda ake rubuta harsashi ba sai ya duba.

A cikin shirun sai aka ji makullai suna kaɗawa. Jikin Baba ne yake rawa.

"Ba shi ya rubuta ba," Baba ya ce. "Gaskiya ce. Mai benen ya ba ni ita ya ce in yi kwafi in raba. Guda goma sha biyu suna ƙarƙashin katifata. Kullum in ɗauko in hau matattakala, in na zo ƙofar mutum sai in kasa ƙwanƙwasawa. Yaran da na ga haihuwarsu, in ce musu su fita?"

"Baba, tun yaushe?" Malama ta tambaya. Ta karɓi takardar ta duba kwanan watan. Ba ta ko motsa leɓe ba. "Kwana ashirin da uku sun tafi. Saura talatin da bakwai."

"Amma yaya aka yi ta zo hannun wannan?" Kafinta ya nuna mai labule.

Baba ya share ido da bayan hannu ya dubi Ƙaramin-Aiki. "Shagonku na kai ta, ɗana. Na wuce shago biyu da suka fi kusa na zo wurinka da gangan. Na ce yaron nan bakinsa ba ya riƙe magana, in ya karanta, kafin in dawo gida duk benen ya ji, ya hutar da ni. Ta farko ta fito dishi-dishi ka jefa a kwali. Ka sake bugawa, sau goma sha biyu tana wucewa ta gaban idonka. Ka miƙo min, kana ba ni labarin wata mata da aka kulle a hasumiya. Na tsaya ina jira ka duba. Ba ka duba ba."

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Labari ya sauka matattakala ya fi mai gudu sauri. Kafin minti goma duk benen yana tsakar gida, masu kuka na yi, masu kiran 'yan'uwa a waya na yi, wani yana rantsuwa ba inda za shi. Waɗanda ba su ji da kunnensu ba suka ce sai an karanta musu, kuma wanda ya tono takardar shi zai karanta. Haka aka tsayar da Ƙaramin-Aiki a kan matattakala ta uku, da rana tsaka, da baƙin labule a kafaɗa, hoda ta yi masa zane-zane a fuska, gira ɗaya da rabi, yana karanta takardar da ya jiƙa a shayi da hannunsa. Ya karanta da muryarsa ta kullum.

"Shekara nawa kana cika mana kunne," wata tsohuwa ta hawa na biyu ta ce masa, "rana ɗaya da surutunka zai yi amfani, ka yi shiru!"

"Ba shiru ya yi ba, Inna," in ji Kafinta. "Wani surutun yake yi."

Bai kare kansa ba. Ya so ya ce takardar dishi-dishi ce, ya tuna sauran goma sha biyun fes suka fito. Ya miƙa wa Mai Wuta takardar, ya tattare labulensa ya hau sama, ba wanda ya ko kalle shi.

Ya tarar da Malama a ɗan ɗakin. Ta cire barguna daga taga, ta hure kyandirori, tana zaune a kujerar Sista da awon a cinyarta. Ya tsaya bakin ƙofa. Ya san bai kamata ya tambaya ba. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, Allah ya sani ya yi ƙoƙari.

"Amma dai... sun tsorata, ko?"

Ta ɗago. Sai a lokacin ya ga idanunta sun yi ja. Daga nan take takawa zuwa makarantarsu da ƙafa. A nan ta san wa za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa in ba ta da lafiya.

"Sun tsorata," ta ce. "Har ni. Ka ci, Malam. Ɗakin naka ne, kwana talatin da bakwai."

Mako uku yana jiran ya ji kalmar nan daga bakinta, da ya ji ta kuma sai ya ji da ma faɗuwa ya yi. Ya zauna a kan keken motsa jiki, don nan ne kawai wurin zama da ya rage kusa da ita. Ya dubi jita, ya dubi tanki, ya ga duk sai an sauke su hawa biyu a ka, kuma kansa ne. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta fi. Ya gyara murya, ya dafa ƙirji.

"Malama, ki shaida. A sabon gidan da za mu koma, ɗakin da ya fi kowanne haske naki ne. Na ba ki, har abada. Da tebur, da kujera mai juyawa, da..."

Ta miƙe, ta ninke awon, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Samo gidan tukuna," ta ce, "sannan ka yi kyautar ɗakin."